Gayya a Ofis: Dandalin Aikin Haɗin Gwiwa da Mutanen da ke Riƙe da Shi



Maƙasudin wannan lacca shi ne a ɗan yi nazari a kan wata hanyar aiki wadda ta shigo ofisoshi da jami'o'i, har ta fara ture fayil da masinja daga matsayin da suka daɗe suna riƙe da shi. Wannan hanya ita ce ta dandalin aikin haɗin gwiwa, watau wata manhajar kwamfuta wadda hukuma ko kamfani kan yi haya domin ma'aikata su riƙa ajiye takardunsu a wuri guda, su gyara su tare, su aika wa juna saƙo, su kuma zauna taro ko da wani yana Sakkwato wani yana Ikko. Za a fi kawo misali da Teams da SharePoint na kamfanin Microsoft, ba domin sun fi sauran kyau ba, sai domin suna cikin waɗanda suka fi bazuwa a manyan ofisoshi. Yawancin abin da za a faɗa a kansu ya hau kan takwarorinsu, irin su Slack da Google Workspace.

Batun kuwa ba na nesa ba ne. Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, wadda ta kama aiki a watan Agusta na 2024, ta ɗibar wa ma'aikatun tarayya wa'adin ƙarshen Disamba na 2025 su bar aiki da takarda su koma na'ura. Ke nan ɗalibin da ke zaune a wannan ɗaki yau, in ya sami aiki gobe, mai yiwuwa ne tun kafin a nuna masa teburinsa a ba shi kalmar sirrin shiga irin wannan dandali. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sayen manhaja shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne ɗabi'un da ma'aikata za su shiga da su, da kuma 'yan tsirarun mutanen da za su ɗauki nauyin koya wa sauran, waɗanda sau da yawa hukuma ba ta ma san da zamansu ba.

Asalin Abin

Tunanin haɗa mutane a kan takarda guda ta hanyar kwamfuta ya girmi intanet ɗin da aka sani yau. Ranar 9 ga Disamba, 1968, a birnin San Faransisko na Amurka, wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana yadda shi da abokin aikinsa da ke can wani gari suke duban rubutu guda a allon kwamfuta, suna ganin juna suna magana. A 1973 wani matashi, David Woolley, ya rubuta wa tsarin PLATO na Jami'ar Illinois manhajar barin saƙo da amsa shi, kuma daga gare ta ne Ray Ozzie ya samo tunanin Lotus Notes, wadda ta fito a 1989. Notes ta shiga manyan kamfanoni ƙwarai, har IBM ya sayi kamfanin Lotus a 1995 a kan dala biliyan 3.5. SharePoint ta fito a 2001, Slack a 2013, Teams kuma a 2017.

Annobar korona ce ta mai da waɗannan kayan aiki ruwan dare. A watan Nuwamba na 2019 Microsoft ya ce mutum miliyan 20 ke amfani da Teams a kullum. Zuwa Afrilu na 2020, bayan an kulle ofisoshi, adadin ya kai miliyan 75, a Afrilu na 2021 kuma miliyan 145. To, amma da yawa daga cikin waɗannan mutane taro ne ya kai su. Sun koyi danna maɓallin shiga taro sai suka tsaya nan, kamar wanda aka ba gida mai ɗaki goma ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gida.

Abin da ke Kashe Dandali

A 1988 wani masani mai suna Jonathan Grudin ya gabatar da takarda a kan dalilan da kan sa manhajojin aikin tare su faɗi, ko da an kashe musu kuɗi masu yawa. Babban dalilin da ya kawo shi ne, mai shan wahalar shigar da bayani daban, mai cin moriyarsa daban. Ya ba da misali da kalandar tsara taro. Kafin ta yi amfani, tilas kowane ma'aikaci ya riƙa rubuta inda zai kasance a kowace sa'a. Amma mai morar wannan wahala shi ne manaja ko sakatarensa mai kiran taro. Ƙaramin ma'aikaci bai ga abin da ya ƙaru da shi ba, sai ya daina cikawa. Da zarar mutum uku ko huɗu sun daina, kalandar ta zama maƙaryaciya, sai kowa ya yi watsi da ita.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san gayya. Mai gona kan gayyaci samarin gari su taya shi noma, amma ba da fatar baki kawai ba. Akwai fura da tuwo, akwai makaɗa masu zuga gwanaye suna kiran sunayensu, sa'an nan akwai alkawarin da ba a rubuta ba, cewa ran da ɗaya daga cikinsu ya kira tasa gayyar, mai gonar nan zai zo da garmarsa. In aka cire abinci da kiɗa da ramawa, abin da ya rage ba gayya ba ne, aikin tilas ne, irin wanda mutane kan yi suna harare-harare, su sulale da zarar mai tsaro ya juya baya. Shugaban ofishin da ya sayi dandali ya ba da umarni kowa ya shiga, bai tambayi kansa abin da akawu zai samu ba, aikin tilas ya kira.

Akwai wani bincike da ya fi wannan zurfi. A 1992 Wanda Orlikowski, malama a jami'ar MIT, ta buga sakamakon zaman da ta yi a wani babban kamfanin ba da shawara wanda ya saya wa ma'aikatansa Lotus Notes da nufin su riƙa musayar sani. Ta tarar ba su yi ba. Dalili kuwa, a kamfanin nan ana auna mutum ne da yawan sa'o'in da ya yi wa masu biyan kuɗi aiki, kuma wanda bai sami ƙarin girma ba hanyar waje ake nuna masa. Sa'ar da aka ɓata wajen koyon manhaja ba ta shiga lissafi, ilimin da mutum ya zuba a dandali kuwa makami ne ya miƙa wa abokin takararsa. Abin sha'awa, masu kula da kwamfutocin kamfanin, waɗanda ba a ɗora su a kan wannan takara ba, sun yi ta musayar sani da manhajar nan guda. Watau manhaja ɗaya, gida ɗaya, amma sakamako biyu.

Wannan hali ba baƙo ba ne a aikin gwamnati, ko a wace ƙasa. Akwai jami'in da ƙarfinsa duka shi ne, shi kaɗai ya san inda wani fayil yake, ko yadda ake lissafin wani alawus. Ba lalle ne mugu ne ba. Ya lura ne cewa ran da kowa ya san abin da ya sani, ran nan za a rage gaishe shi da safe. Wa'azi ba ya canja irin wannan mutum. Abin da ke canja shi shi ne ya ga cewa a takardar auna ƙwazo ta shekara-shekara an ba da maki ga wanda ya tsara takardun sashensa ya koya wa na ƙasa da shi, ya kuma ga an ɗaga wani saboda haka.

Tarbiyyar Rajista

Masu cewa kwamfuta ta zo don ta binne tsohon tsarin ofis ba su san rajista ba. A rajista mai kyau kowane fayil yana da lamba, kowane shafi a cikinsa yana da lamba, duk wanda ya yi sharhi ya sa hannu da kwanan wata, kuma akwai littafin da ke nuna teburin da fayil ya kwana. Dandali ba kome ba ne illa rajistar da aka raba wa kowa mabuɗinta. Haɗarin shi ne, a da akawu ɗaya ne ko biyu aka horar suke tsare da tsarin, yanzu kuwa kowane ma'aikaci akawun rajista ne, ba tare da an horar da shi ba. Saboda haka shawarwarin da za su biyo baya yawancinsu tsohuwar zuma ce.

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, takarda ɗaya kwafi ɗaya. A ɗauka jami'i ya rubuta daftarin kasafin kuɗi ya maƙala shi a imel ya aika wa mutum shida. Nan take an sami kwafi bakwai. Kowa ya yi gyaransa ya mayar, wani ma ya yi gyara a kan gyaran wani, har a wayi gari ba wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne na ƙarshe, a ƙarshe kuma a kai wa Babban Sakatare wanda bai ƙunshi gyaran sashen shari'a ba. A dandali ana ajiye daftarin ne sau ɗaya, a aika wa mutanen nan shida mahaɗi, watau adireshin inda yake, su shiga su yi gyara a kansa, ko da a lokaci guda ne. Masu tsoron kada wani ya ɓata musu aiki su kwantar da hankali. SharePoint tana riƙe tarihin gyare-gyare, a tsarin da aka saba har zubi 500, tare da sunan wanda ya yi kowane gyara da lokacin da ya yi, kuma ana iya komawa ga na jiya ko na makon jiya. Abin da aka goge kuma yakan zauna a kwandon shara har kwana 93 kafin ya tafi. Wanda ya san waɗannan abubuwa biyu ba zai riƙa tara kwafi masu suna "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe" ba.

Na biyu, a san inda takarda ke sauka. A Teams ana kafa rukuni ga kowane sashe ko aiki, a cikin rukuni kuma akwai zauruka, kowane zaure da batunsa. Ban da wannan akwai hirar gefe tsakanin mutum biyu ko 'yan kaɗan. A ido duk ɗaya suke, amma a ƙarƙashi sun bambanta ƙwarai. Takardar da aka sa a zaure tana shiga rumbun SharePoint na rukunin, ta zama mallakar sashe. Wadda aka aika ta hirar gefe tana zaune ne a OneDrive na wanda ya aika, watau aljihun teburinsa. Ran da ya yi ritaya ko ya bar aiki aka share sunansa, a tsarin asali kwana 30 ake ba shugabansa ya kwashe abin da ke ciki, daga nan a fara hanyar gogewa. Sau da yawa sai bayan watanni ake tuna cewa yarjejeniyar da ake nema tana can. Saboda wannan dalili kuma bai kamata rukuni ya kasance da mai kula ɗaya ba. A sa biyu ko uku, domin canjin wurin aiki ba ya sallama.

Na uku, sunan takarda. A fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, kamar 2025-03-07, domin ta haka kwamfuta za ta jera takardu bisa tsufansu da kanta, kuma an kauce wa ruɗanin Amurkawa masu sa wata kafin rana. A biyo da batu da sashe, a bar sunaye irin su "wasiƙa" ko "sabo". A nan akwai abin da ya shafi masu rubutu da Hausa musamman. A wurin kwamfuta, harafin ƙ ba k ba ne mai ado, wani harafi ne dabam, haka ɗ da ɓ. A yawancin manhajoji wanda ya nemi "kasa" ba zai ga takardar da aka rubuta wa "ƙasa" ba. Malamin Hausa dai ba zai taɓa ba da shawarar a zubar da ƙugiya ba, domin tsakanin "kafa" da "ƙafa" akwai tafiya mai nisa. Abin da ya dace shi ne sashe ya zauna ya yanke hanya guda, a sa wa kowace kwamfuta allon rubutun Hausa, kowa ya bi.

Sai kuma ladabin zaure. Kada a yawaita rukunoni da zauruka. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma zaure ashirin da ba kowa a ciki ya fi rashin zaure illa. Wanda zai ta da sabon batu ya sa masa kai, wanda zai amsa ya amsa a ƙarƙashin batun, kada ya buɗe sabo. Saƙo ya ƙunshi bukata da wa'adi tun a layin farko. Gaisuwa tana da kyau, ba kuma za a hana Bahaushe gaisuwa ba, amma a haɗa ta da bukatar a saƙo guda, maimakon a rubuta sallama a zauna jiran amsa. Ambaton sunan rukuni duka, wanda ke kaɗa ƙararrawa a wayar kowa, a bar shi sai abin da ya shafi kowa da gaske. A watan Nuwamba na 2016 wani saƙon gwaji ya kuɓuce zuwa ga ma'aikatan hukumar lafiya ta Ingila kimanin 840,000. Ko da yake ta imel ne, darasin ɗaya ne: abin da ya durƙusar da tsarin a ranar shi ne masu amsa wa kowa da kowa suna roƙon a cire sunansu.

Taro kuma, in an tashi, wani ya rubuta abin da aka yanke da wanda zai yi da ranar da zai gama, ya sa a zaure. Naɗar hoton taro ba ta maye gurbin wannan. Ba mai zaman sa'a biyu yana kallon taron da ya wuce domin neman jimla ɗaya.

Akwai wata matsala da ta cancanci a tsaya a kanta, ita ce ta gudanar da aikin hukuma a WhatsApp. Dalilin da ya sa ake yi a fili yake: yana da sauƙi, kowa yana da shi, ba ya cin data da yawa. Amma umarnin da aka bayar a can yana cikin wayar mutum ne, ba a rumbun hukuma ba. Waya takan ɓace, mai ita yakan bar aiki, wanda aka kora kuma yakan ci gaba da zama a rukuni ba a tuna an cire shi ba. A watan Satumba na 2022 hukumomin kula da kasuwar kuɗi ta Amurka sun ci tarar wasu manyan bankuna kimanin dala biliyan 1.8 saboda ma'aikatansu sun yi ta harkar aiki ta irin waɗannan hanyoyi ba a adana ba. A Birtaniya, a 2023, saƙonnin WhatsApp na manyan jami'ai sun kai gwamnati gaban kotu da kwamitin binciken annobar korona, wasu saƙonnin kuma ba a same su ba. A Nijeriya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani. Hukumar da shawarwarinta ke warwatse a wayoyin mutane da me za ta amsa? Ba a ce a daina kiran juna ko tunatar da juna ta waya ba. Amma duk abin da a da za a rubuta a fayil, yau wurinsa dandali.

Game da tsaro, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar takan zo ne ta wajen mutum. Idan za a aika mahaɗi, manhaja takan tambaya wa zai iya buɗewa: duk wanda ya sami mahaɗin, ko duk ma'aikatan hukumar, ko mutanen da aka ambata da suna. Na ƙarshen nan ya kamata ya zama al'ada. A da, takardar albashin da aka buɗe wa kowa bisa kuskure takan ɓuya a cikin dubban takardu. Tun daga Nuwamba na 2023, da Microsoft ya fara sayar wa kamfanoni mataimakin nan mai ƙirƙirarriyar basira da ake kira Copilot, wannan ɓuya ta ƙare, domin yana iya zaƙulo wa mai tambaya duk abin da aka ba shi izinin gani, ko da bisa kuskure aka ba shi. Haka kuma makulli na biyu, watau tambayar da kan zo a waya bayan an sa kalmar sirri, ba a amsa ta da ka. A Satumba na 2022 wani ɗan kutse da ya mallaki kalmar sirrin wani ɗan kwangilar kamfanin Uber ya yi ta aiko masa da wannan tambaya har ya amince da ɗaya. Daga nan ya shige, ya kuma yi shelar zuwansa a zauren Slack na kamfanin. Wanda ya ga tambayar alhali ba shi ne ke ƙoƙarin shiga ba, ya ƙi, ya kuma kai rahoto nan da nan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba hukuma sa'a 72 ne kacal ta sanar da hukumar da ke kula da wannan fanni in aka yi ɓarakar da za ta iya cutar da mutane, kuma jami'in da ya ɓoye kuskurensa don kunya cinye wannan lokaci yake yi.

Inda wuta da layin intanet ba su da tabbas, a saukar da manyan fayilolin aiki a kwamfuta ta yadda za a ci gaba da aiki ba layi, su daidaita da kansu in layi ya dawo. A taro kuma a kashe hoto a bar murya.

Jama'ar Dandali

Duk waɗannan shawarwari ana iya buga su a takardar umarni a raba, amma ba ta haka mutane ke koyon aiki ba. A shekarun 1980 wani masanin halayyar al'umma mai suna Julian Orr ya bi masu gyaran injin kwafi na kamfanin Xerox yana duban yadda suke aiki. Ya tarar littafin gyara da kamfani ya ba su ba ya isar su. Ainihin iliminsu yana cikin labaran da suke ba juna a wurin karin kumallo da cin abincin rana: inji kaza ya yi kaza a wuri kaza, ga yadda aka shawo kansa. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya gina wani rumbu mai suna Eureka, aka fara gwada shi a Faransa, inda mai gyara zai rubuta dabararsa, 'yan'uwansa gwanaye su tantance ta, sa'an nan a baza ta da sunansa a jiki. Sunan nan shi ne ladan, kuma ya isa ya sa mutane su yi ta rubutawa. Wannan shi ne kiɗan gayya. Jean Lave da Etienne Wenger, a 1991, sun yi bayanin irin wannan koyo, inda sabon shiga ke farawa daga gefe yana kallon gwanaye har ya zama ɗaya daga cikinsu, kamar dai yaron maƙeri da ke farawa da zuga.

Abin da wannan ke nufi ga ofis shi ne, a kowane sashe akwai mutum ɗaya da ake zuwa wurinsa in kwamfuta ta ƙi. Sau da yawa ba shi ne babba ba, wani lokaci ma mai yi wa ƙasa hidima ne ko mai buga takardu. Hikima ita ce a gano waɗannan mutane, a haɗa su a rukuni guda, a ba su horo kafin kowa, a rage musu wani aikin domin su sami lokacin taimako, a kuma ambaci sunansu a gaban shugabanni. In ba a yi haka ba, za su gaji, domin suna aikin mutum biyu a kan albashin mutum ɗaya. Yana da kyau kuma a buɗe zaure guda na tambaya da amsa, a riƙa zaman rabin sa'a a mako ko a wata, inda wani zai nuna dabara ɗaya tak da ta sauƙaƙa masa aiki. Dabara ɗaya da mutum ya gani a hannun abokin aikinsa ta fi zama a kai bisa horon kwana uku a otal.

Kada wanda ya buɗe irin wannan zaure ya karaya in ya ga shiru. A 2006 Jakob Nielsen ya bayyana abin da aka daɗe ana lura da shi a tarukan intanet, cewa a cikin mutum 100 kimanin 90 karatu kawai suke yi, 9 kan sa baki jefi-jefi, 1 ne ke yawancin magana. Masu shirun nan suna ƙaruwa. Saboda su ne ya kamata a yi tambaya a zaure maimakon hirar gefe, domin amsar da aka ba mutum ɗaya a fili ta warkar da goma da suka ji kunyar tambaya. Kunyar nan kuwa gaskiya ce, musamman inda ƙarami ke tsoron a ga gazawarsa, babba kuma ke tsoron yaransa su gane bai iya ba. Maganinta yana hannun shugaba. Ran da darakta ya rubuta a zaure cewa bai san yadda ake dawo da takardar da ya goge ba, wani ƙaramin jami'i ya nuna masa, ya kuma gode masa a nan, ran nan zauren ya rayu. Haka nan ran da ya ƙi karɓar daftarin da aka buga aka kawo masa a hannu, ya ce a aiko masa da mahaɗi, ya yi abin da takardar umarni goma ba su yi ba. Akasin haka ma gaskiya ne: shugaban da sakatarensa ke buga masa kome a takarda ya riga ya gaya wa kowa cewa dandalin wasan yara ne.

Jama'ar ba ta tsaya a bangon ofis ba. Tun 1993 Microsoft ke ba da lambar yabo ta MVP ga mutanen da ba ma'aikatansa ba ne, saboda taimakon da suke yi wa sauran masu amfani da kayansa. A 2009, a garin Virginia Beach na Amurka, wasu masu aiki da SharePoint suka fara taron ranar Asabar na kyauta, masu jawabi 'yan sa kai, abin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ba sai an jira kamfani ba kafin a yi irin wannan. Ma'aikatan hukumomi uku ko huɗu a gari ɗaya suna iya aron ɗaki a jami'a su haɗu sau ɗaya a wata uku, muddin an kiyaye sharaɗi guda: a kawo dabara, a bar sirrin ofis a ofis, kada a haska wa baƙi allon da ke ɗauke da sunaye da albashin mutane. Ga ɗalibai kuma, jami'o'i da yawa suna ba da adireshin imel wanda ke buɗe irin wannan dandali ba da ko kwabo ba. Aikin rukuni na aji, ko mujallar ƙungiyar ɗalibai, wuri ne mai kyau na koyon ajiye kwafi ɗaya da rubuta abin da aka yanke, tun kuskure bai zama mai tsada ba. Masu nazarin harshe kuma suna da nasu aikin, domin kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su zaure da mahaɗi da makulli na biyu, shawara ce kawai, sai masu aiki sun karɓe su za su zauna.

Saura abu ɗaya da ya kamata hukuma ta sa a lissafi tun ranar da za ta sa hannu a kwangila, shi ne dandali ma yana mutuwa. IBM ya sayar da Notes ga kamfanin HCL na Indiya a 2019. Microsoft ya rufe Skype for Business na intanet a watan Yuli na 2021 ya kora masu amfani da shi zuwa Teams. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya sanar a watan Mayu na 2024 cewa zai rufe dandalinsa na ofis mai suna Workplace, daga Satumba na 2025 kuma ya zama sai dai a karanta a kwashe. Saboda haka a tambayi mai sayarwa, a rubuce, ta wace hanya za a fitar da takardu da saƙonni in an tashi rabuwa, a wace ƙasa ake ajiye su, kuma kwana nawa za a bayar na kwashewa. A kuma gwada fitar da na sashe ɗaya tun ana zaman lafiya, a buɗe su a wata kwamfuta a tabbatar suna karantuwa, a maimaita gwajin sau ɗaya a shekara.